Harshe Ma Ma'auni Ne: Daga Barandin Faransa Zuwa Furar Magarya

Jama'a masu sauraro, na Magarya da Dungas, na Bande da Waca, Kwaya, Yekuwa, Guci, Malawa da Dogo-Dogo, da 'yan'uwanmu na tsallaken iyaka a Baɓura da Maigatari waɗanda muryar nan take isa gare su.  

Sharhinmu na yau a kan ɗanɗano ne, wato sanin da harshe da hanci suke yi wa abin da ya shiga baki. Mu a nan ba mu ɗauke shi ilimi ba. In tsohuwa ta kurɓi fura ta ce wannan geron bara ne, kuma nonon ya kwana biyu, sai a ce ai Inna akwai tsirfa. Ni kuwa ina ganin abin da ke bakin Inna ilimi ne cikakke, ilimin da wasu ƙasashe suka rubuta shi, suka yi masa doka, suke cin arziki da shi har yau.

Zan fara da nesa, da wani abin sha da ni da ku ba ma sha. Sunansa barandi, nau'in barasa ne mai ƙarfi, kuma addininmu ya haramta shi haramci bayyananne, babu malamin da ya yi saɓani a kai. Duk wanda ya ga gidan da barasa ta shiga ya san dalilin haramcin. Abin da ya sa na ɗauko shi shi ne wata dabara da manoman inabi na Faransa suka yi a kansa, wadda mu da muke da abin sha na halal, mai gina jiki, ba mu yi wa namu ba. Don haka ku ba ni aron kunnuwanku, za mu je can mu dawo gida.

Barandi ruwan inabi ne da aka bari ya zama giya, sannan a zuba shi a tukunyar jan ƙarfe a hura wuta, tururin ya bi ta bututu ya huce ya koma ruwa. Ita wannan dabara ta tatsar tururi tsohuwa ce, masana Musulmi irin su Alkindi na Bagadaza sun yi rubutu a kanta tun ƙarni na 9, suna fitar da ruwan wardi da turare. A kudu maso yammacin Faransa akwai wani gari da ake kira Konyak, a bakin kogin Charente, kuma barandin da ya fi suna a duniya sunan garin nan ya ɗauka. A can sau biyu ake dafa shi a tukunya, sannan a ɗura a gangar itacen oak a ajiye. Wanda ya yi aƙalla shekara 2 a ganga ana rubuta masa VS. Mai shekara 4 shi ne VSOP. Wanda ake kira XO kuwa, tun daga 2018 sai ya cika shekara 10, a da shekara 6 ce. Kowace shekara wani kaso yana bin iska ta jikin itacen, kuma sun yarda da wannan asara saboda abin da ya rage yana ƙara daraja.

Ƙasar da ake noman inabin ma ba su bar ta dunƙule ba, sun raba ta shida bisa ga irin turɓayar kowane yanki. Inda ƙasa take da farin alli sosai suna kiransa Grande Champagne, suka ce abin da ya fito daga nan ba ya nuna da wuri, sai ya daɗe a ganga. Wani ɗan ƙaramin yanki mai laka da tsakuwa, Borderies, suka ce nasa yana da ƙamshin fure kuma ya fi saurin laushi. In ka gangara kudu kaɗan sai ka shiga ƙasar Armanyak, waɗanda suka riga mutanen Konyak fara wannan sana'a, don an ambaci nasu a rubuce tun 1310. Su galibi sau ɗaya suke dafawa, shi ya sa masu ɗanɗanawa suke cewa nasu ya fi kauri da nauyi, na Konyak ya fi santsi. A Normandi da tuffa suke yi, su kira shi Kalvados. A Jerez ta ƙasar Sifen suna gauraya sabo da tsoho daga ganga zuwa ganga. Peru da Chili kuma har gobe suna jayayya a kan wane ne mai sunan Pisko.

Wa yake tabbatar da duk waɗannan bambance-bambance? Mutum ne da hancinsa da harshensa. Akwai mai sana'ar ɗanɗano, ya ɗaga kofi ya dubi launi, ya shinshina, ya ɗiga kaɗan a harshe ya tofar, sannan ya faɗi yankin da abin ya fito da kimanin shekarunsa, ya ce wannan ganga a haɗa ta da waccan. A kamfanin Hennessy, wanda aka kafa a 1765, iyali guda ne mai suna Fillioux suka riƙe wannan aiki har tsatso takwas, ana koya wa na baya tun yana saurayi.

Kuma kada ku ɗauka daɗi ne ya kai su ga wannan tsari. Masifa ce. A shekarun 1870 wani ƙwaro mai cin saiwar inabi ya shiga gonakinsu ya kusan ƙarar da su. Da kaya ya yi ƙaranci sai 'yan algus suka cika kasuwa da jabu, kowa ya haɗa abinsa ya rubuta Konyak. Manoma suka tashi, gwamnati ta fitar da doka ranar 1 ga Mayu 1909 wadda ta shata iyakar ƙasar da ke da ikon amfani da sunan. A 1936 aka ƙara ƙarfafa dokar, a 1938 aka tabbatar da rabon yankunan nan shida. Yau fiye da kashi 95 cikin 100 na abin da suke yi waje ake fitar da shi, kuma abin da mai saye yake biya, a cikinsa akwai kuɗin suna da amanar da ke bayan sunan.

To, mu dawo gida, mu bar musu kayansu.

Jama'a, a ƙasar nan tamu wane abin sha ne ya kai fura? Da ita manomi yake tafiya gona, da ita ake tarbar baƙo kafin a tambaye shi labari, ita ake dama wa maijego, ita ake kai wa mai jinya a likita, da ita da yawa daga cikinmu suke buɗe baki da azumi. A ƙidayar 2012 mutanen Magarya da Dungas, wadda ta zama gunduma mai cin gashin kanta a 2011, sun haura 900,000, kuma da wuya ka sami gidan da rana za ta fito ta faɗi ba a ɗaga ludayi ba. Nijar tana sahun gaba a duniya wajen noman gero. Amma in ka tambayi ɗan makaranta ya gaya maka ire-iren fura, sai ya ce fura ai fura ce.

Fura ba ɗaya ba ce, kuma bambancinta tun daga gona yake farawa. Geron da aka shuka a jigawa mai rairayi daban yake da wanda ya tashi a gindin gawo inda ƙasa ta sha ganye da kashin dabbobi. Akwai Zango mai dogon kai, akwai Ankutes mai gajeren kai kakkaura, akwai Ba'angure, akwai HKP mai saurin nuna wanda cibiyar binciken noma ta ƙasa, INRAN, ta yaɗa, ga kuma maiwa da take jinkiri sai ƙarshen damina. Maza sun san su a tsaye a gona. Mata ne suka san su a turmi: wanne ya fi dusa, wanne ya fi auki, wanne garinsa ya fi haske, wanne yake kama jikinsa in an cura, wanne yake wargajewa a tukunya. Sabon gero na kaka yana da wani ƙamshi da ɗan zaƙi-zaƙi wanda ba ya kai wa bazara. Geron da ya zauna a rumbu da zangarniyarsa, a dami, ya fi riƙe ɗanɗanonsa a kan wanda aka sussuke aka ɗura a buhu aka jingine a shago. Wanda ya sha maganin ƙwari kuwa, ko an wanke shi sau nawa, tsohuwa za ta ji shi.

Daga nan sai surfe, kuma a nan ne hannu yake fara bambanta da hannu. In aka yi wa gero surfe sama-sama, fura za ta fito da duhu da ɗan kaushi a maƙogwaro, amma tana riƙe ciki. In aka matsa masa har ya yi fari tas, za ta yi kyan gani da santsi, sai dai an zubar da wani abu mai amfani a cikin dusa da ƙasari, an ba akuya. Gwanar mace ta san inda za ta tsaya. Sai a wanke, a shanya ya sha iska, a daka da kayan yaji. Wata citta take fifitawa, wata kanumfari, wata ta jefa masoro da ɗan barkono, wata kuma ba ta yarda da fura in babu kimba. Akwai gidajen da in ka sha furarsu a duhu za ka faɗi sunan gidan saboda yajin kaɗai.

Sai dahuwa da kirɓi. A cura garin, a jefa a tafasasshen ruwa, a bar shi ya dahu har ciki. Wadda aka yi gaggawar tsamewa ita ce ɗanyar fura, za ka ji gari-gari a harshe, kuma ciki zai ba da labari daga baya. In ta dahu sai a mayar turmi a kirɓa ana yayyafa ruwan zafi har ta yi danƙo, ta daina kama taɓarya, sannan a mulmula a barbaɗe ta da gari. A nan zan faɗi ra'ayina ba tare da kwana-kwana ba: furar turmi ta fi furar inji. Inji yana zafafa gari, kuma injin da ya niƙa masara da barkono da wake tun safe ba zai ba ka ƙamshin gero tsantsa ba. Amma ba zan tsaya a gaban makirfo in ce mata su koma daka ba, alhali na san abin da taɓarya take yi wa kafaɗa da ƙirji, na kuma san yarinyar da ake hana ta zuwa makaranta saboda surfe. Abin da ake bukata shi ne inji mai tsabta da aka keɓe wa gero, kirɓin ƙarshe kuma a bar wa turmi, don shi ne yake ba fura jikinta.

Rabin fura kuwa nono ne. Ku tsaya kusa da masu tallar nono ranar kasuwa ku ji yadda gwanar saye take yi. "Goggo, kindirmo ne ko tsala?" "Kindirmo ne, 'yata, na jiya da yamma, taɓa ki ji." Sai ta ɗiga a tafin hannu, ta duba yadda yake tsayawa, ta shinshina, ta lasa. A wannan ɗan lokaci ta gane ko an kaɗe man, ko an ƙara ruwa, ko ya wuce kwana ɗaya, ko ƙwaryar da aka zuba shi ba ta bushe da kyau ba. Kindirmo da mansa a jiki yana da nauyi da gardi, yana lulluɓe yajin fura ya sassauta shi. Tsala ta fi tsami da sauƙi, ita ce ta zafin rana, mai kashe ƙishirwa. Kowanne da wurinsa, kuma ba laifi ba ne a sayar da tsala, laifin shi ne a kira ta kindirmo.

Nono ma yana bin lokaci. Na damina yana da yawa, da ƙamshin ɗanyen haki. Na rani kaɗan ne, kuma ɗanɗanonsa yana bin abin da saniya ta samu, harawa ce, dusa ce, ko kara. A nan muna da wata baiwa da ba kowa ke da ita ba. Tun daga tsakiyar shekarun 1980 manoman Magarya da Matamaye da Mirriya suka dinga barin gawo yana tsirowa a gonakinsu suna renonsa, har masu bincike daga ƙasashen waje suke zuwa kallo. Gawo yana zubar da ganye da damina ya bar wa gero rana, da rani kuma ya yi ganye ya zubo da 'ya'ya, dabbobi su ci a lokacin da babu komai a daji. Wato itace guda yana ciyar da geron, yana kuma ciyar da saniyar. Duk ƙwaryar furar da aka dama a ƙasar gawo, wannan itace yana cikinta ta fuska biyu. In mutanen Konyak suna alfahari da farin allin ƙasarsu, mu me zai hana mu yi alfahari da gawonmu?

Sai damu. Wani yana son ta da gaya, yana sha yana taunawa. Wani sai an dama ta lilis. Manomi a tsakiyar noma farau-farau yake nema, ruwa-ruwa, ya sha ya koma bakin aiki. Ruwan randa da ruwan jarka ba ɗaya ba ne, ƙwarya da roba ba ɗaya ba ne. In ka haura arewa wajen Abzinawa za ka tarar da tasu da ake kirɓawa da cuku da dabino, mai zaƙi da maiƙo, wadda matafiyi zai ɗauka a jaka ta yi masa kwanaki a hamada. In ka gangara Kano za ka ga shagunan da ake markaɗa ta da na'ura a zuba yogot da ƙanƙara, wasu har da kwakwa. Ban raina ko ɗaya ba. Ta Abzin ta tafiya ce, ta Kano ta birni ce. Tamu ta gero ce zalla da nonon da aka tatso jiya, kuma a wurina babu wadda ta kai ta fito da ɗanɗanon hatsin kansa.

Abin da ke damuna shi ne wannan sani yana tafiya. Yau a tasha da bakin kasuwa, da yawa daga abin da ake kira nono madarar gari ce da aka jiƙa aka bari ta yi tsami, wani lokaci a kaɗa garin ƙwamen kuka a ciki don ya yi kauri. Sai a zuba sukari da yawa, a jefa ƙanƙara. Sukari da sanyi suna rufe kowane aibi, kamar farar ƙasa a jikin katangar da ta tsage. Da su ba za ka ji tsohon gero ba, ba za ka ji ɗanyar dahuwa ba, ba za ka ji ruwan da ba shi da kyau ba. Yaron da ya tashi da wannan, harshensa zaƙi kawai ya sani. In ka ba shi furar kakarsa sai ya ce ba ta da daɗi. Ranar da masu saye suka kasa bambancewa, mai yin na ƙwarai ta yi asara, domin wahalarta ta fi yawa, kuɗin kuwa ɗaya ne da na mai algus. A hankali sai ita ma ta bari. Makiyayin da ke kawo nonon gaskiya shi ma ya rasa kasuwa, kuɗinmu ya tafi ƙasashen da suke aiko mana da madarar gari.

Na san wani zai ce, Malam, ana fama da abin da za a ci, kai kana zancen ɗanɗano. Maganarsa tana da nauyi, musamman a nan inda kowace shekara, daga tsakiyar damina zuwa kaka, likitar Magarya take cika da yara masu tamowa da zazzaɓin cizon sauro, har ƙungiyar likitoci ta MSF ta shafe shekaru tana aiki a wurin tun 2005. Amma ku duba da kyau. Furar da aka tsinka da ruwa aka rufe da sukari tana cika cikin yaro ba tare da ta gina shi ba. Nonon da aka yi wa algus da ruwan da ba a san asalinsa ba yana kawo zawo, zawo kuma shi ne ƙofar tamowa. Uwar da harshenta ya iya gane nonon kirki tana kare ɗanta ne. Sannan ga batun iri. A 2018 an fitar da wani gero a Nijar mai suna Chakti, wanda cibiyar ICRISAT ta samar, mai saurin nuna kuma mai yawan sinadarin ƙarfe da ke ƙara jini. Irin wannan abu ne mai amfani ga mata masu ciki da yara. Amma kowane iri, komai kyansa a takarda, sai ya bi ta turmi da ludayi kafin ya zauna a gari. In mata suka ce furarsa ba ta yi ba, shekara biyu ya ɓace. Don haka duk mai kawo sabon iri, tun farko ya zauna da masu daka ya ji ta bakinsu. Sai an gwada akan san na ƙwarai.

Ga kuma batun suna, wanda shi ne ya kai ni Faransa ɗazu. Kowace Alhamis dabbobinmu suna shiga kasuwar Maigatari. Riɗinmu da wakenmu da gyaɗarmu suna bi ta Baɓura su isa Dawanau a Kano. Da zarar buhu ya tsallaka, sunan Magarya ya faɗi, ya zama kayan kowa. Tsofaffinmu suna tuna zamanin da gyaɗar ƙasar nan take cika sito, zamanin kamfanin SONARA, amma ko a lokacin da nauyi ake saye, babu mai tambayar daga wace gona. Alhali akwai hanya. Nijar tana cikin ƙungiyar OAPI mai hedkwata a Yawunde, wadda take yi wa kayan ƙasashe 17 rajistar suna bisa ga wurin da suka fito. A 2013 masoron Penja na Kamaru ya samu wannan rajista, farashinsa ya ninka, manomansa suka ji a aljihu. Daga baya kilishin Nijar da albasar Galmi suka samu tasu. Ke nan ƙofar a buɗe take, kuma 'yan ƙasarmu sun riga sun shiga.

Wani zai ce fura ba ta kwana biyu, yaya za a yi mata rajista a kai ta nesa? Gaskiya ne damammiya ba ta tafiya. Amma busasshiyar fura tana tafiya, kuma ƙungiyoyin mata a Yamai da Damagaram sun daɗe suna ɗura garin gero da aka sarrafa a leda suna sayarwa. 'Yan'uwanmu da ke Legas, Agadas, Libiya da Saudiyya suna nemanta. Ban da ita akwai man gyaɗa na matsar hannu, akwai ƙuli-ƙuli, akwai man shanu, akwai raken fadamun Korama. Kowannensu yana da masu iya bambance na ƙwarai da na banza. Sai dai rajista ba ta samuwa da baki. Sai an rubuta: da wane iri ake yi, daga wane yanki, ta wace hanya, kuma wa zai ɗanɗana ya ce wannan ya cika sharaɗi, wancan bai cika ba. Mutanen Konyak da wannan suka fara, kuma mu masu ɗanɗanon muna da su, suna nan zaune a tsakar gida, ba a taɓa tambayarsu ba.

Shawarata ga shugabannin Magarya da Dungas da sauran ƙananan hukumominmu, da sarakunanmu, da ma'aikatan gona da na kiwo, ita ce a sa rana guda bayan an gama girbi, lokacin da sabon gero ya shigo kuma nono bai janye ba. Kowane gari ya kawo furarsa. A jera ƙore ba tare da an faɗi ta wace ce ba, kada kunya ko sanayya ta shiga. Alƙalai su zama tsofaffin mata da matan Fulani masu nono, su ne suka san abin. A hana sukari da ƙanƙara a wurin. A ajiye ruwa mai tsabta na kurkure baki tsakanin ƙwarya da ƙwarya. A fara da mai sauƙin yaji a ƙare da mai ƙarfi, don kada citta ta kashe harshe tun farko. Sannan a zaunar da 'yan makaranta biyu ko uku da littafi, duk abin da alƙalan suka faɗa su rubuta shi da Hausa yadda aka faɗe shi: wannan ta yi gardi, wannan ta yi salam, wannan tsaminta ya wuce, wannan da warin hayaƙi, wannan an ji buhu a jikinta. A rubuta irin geron da garin da ya fito. In aka yi haka shekara uku a jere, za mu sami abin da za mu ɗauka mu kai wa hukuma mu ce ga furar ƙasar gawo, ga sharuɗɗanta. Kuɗin da wannan zai ci bai kai na walimar suna guda ta mai hali ba.

Ku kuma iyayenmu mata, kada ku jira sai hukuma ta shirya. Gobe in za ki dama fura, kira 'yarki da ɗanki, ki ba su su kurɓa kafin a sa sukari, ki tambaye su me suka ji, ki gaya musu sunan geron da kwanan nonon. Magidanta, in kun je saye ku tambaya kindirmo ne ko tsala ko madarar gari, kuma in aka ba ku na ƙwarai ku biya kuɗinsa ba tare da ƙorafi ba, don mai yin sa ta ci gaba da yi. Masu sayarwa, ku tafasa madara kafin ku sa ta kwana, ku dama da ruwa mai tsabta, ku kira kowane abu da sunansa, domin Allah ya hana algus a ciniki.

Wanda yake da wani irin gero ko wata hanyar yin fura ta garinsu da ban ambata ba, ya aiko mana da saƙo, za mu karanta a shiri na gaba da sunan garinsa. Sai mun ji daga gare ku. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya ƙara wa dabbobinmu lafiya.